Ranar da Aka Ja Aradu

Mijin yayata, Mas Wakijan, bai taɓa yin ƙaramin abu ba, a bakinsa dai. In ya kama kifi ɗaya, kafin ya iso shagon kofi na Bu Painem kifin ya haifi goma. In ya yi atishawa, sai ya ce maka har unguwar masunta an firgita. Ni Parjo mai facin taya, shekara ashirin da biyu muna bango ɗaya da shi, kuma wallahi da kunne yana furfura saboda jin cika baki, da nawa ya riga kaina fari.

Bara ya sayar da shanunsa biyu ya sayo babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ake ba baƙi haya suna tsere a yashin bakin teku. Ja wur da shi, tayoyi manya-manya. Ya ce sana'a zai kama. Amma duk baƙon da ya zo haya, sai ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce bai ga alamar zai iya ba. Haka babur ya shekara babu wanda ya hau sai mai shi. Ya sa masa suna Aradu, yana yi masa wanka safe da yamma, abin da shi kansa ba kullum yake samu ba.

Ana nan sai mai unguwarmu, Mbah Sastro, wanda shekara goma sha biyar muke kira Pak Erte, wato laƙabin duk mai riƙe da unguwa, ya ce gwiwoyinsa sun gaji, kunnensa ma ya bi sahu, zai ajiye hatimin unguwa. Aka sa zaɓe ranar Asabar, da an gama wasannin bikin 'yancin kai. To wannan kujera ita ce ciwon zuciyar Mas Wakijan. Mahaifinsa ya riƙe ta, kuma tun yana saurayi yake ganin gadonsa ce aka aro wa wasu. Sau biyu yana tsayawa. Karon farko ya samu ƙuri'a uku, karo na biyu ya samu biyu, don ranar na je ta'aziyya wani gari. Ina yi masa dariya a kan komai, amma ban da wannan, domin na san da gaske abin yana cin ransa. Abokin takararsa kuwa Pak Marjuki ne, tsohon malamin firamare, mutumin da tura shi aka yi, shi burinsa kawai a bar shi da tsuntsayensa.

Akwai kuma abin kunyar da ya daɗe yana bin unguwarmu. Shekara tara a jere masunta suna kayar da mu a wasan jan igiya. Mutanen da kullum jan taru suke yi, ina mu ina su? Bu Painem ce wata rana ta faɗa cikin raha, tana zuba kofi: "Ni dai duk wanda ya jawo mini masuntan nan suka tsallako layi, shi ne Pak Erte, ko akuya ce." Kowa ya yi dariya ya manta. Mas Wakijan bai yi dariya ba, kuma bai manta ba.

Ranar Litinin takarda ta iso. Wasiƙun unguwarmu duk a shagon Bu Painem suke sauka, don ta rage wa kanta wahalar bin labari gida-gida. Mas Wakijan ya ga tambarin kamfanin da ya ƙera Aradu, ya buga tebur. Idonsa ya daɗe da raunana, amma ya ce tabarau na malaman makaranta ne. Ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya ƙanƙance ido. Abu uku ya iya gani: sunansa, da ranar Asabar, da kalma ɗaya mai manyan baƙaƙe a sama, penarikan.

Kalmar nan tushenta tarik ne, wato ja a harshenmu, kuma ba ma raga mata. Jan igiya na ranar biki tarik ne. Kwandasta in ya daki jikin mota yana cewa direba ya ja, tarik ne. Kamfani kuma in ya gano ya sayar wa mutane kaya mai matsala ya ce zai janye abinsa, shi ma tarik ne. A cikin ukun nan Mas Wakijan ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi.

"Jama'a, a ajiye kofuna!" in ji shi. "Labarin Aradu ya kai birni. Kamfani da kansa zai turo wakili ranar Asabar, a yi ja!"

"Ja da wa?" in ji Bu Painem.

"Da wa kuwa in ba masu warin kifin nan ba? Su ashirin, ni ɗaya. Ku zauna a inuwa ku ci gyaɗa. Bu Painem, ina fatan ba ki manta maganarki ba."

"Na ce ko akuya ce, ai ban cire ka ba."

Pak Marjuki ya ciro tabaransa a hankali ya miƙa masa. "Pak Wakijan, ko za a ɗan duba ƙananan rubutun?"

"Malam, riƙe gilashinka. Ranar Asabar za ka buƙace shi, ka nemo ƙuri'unka."

A gida, yayata Mbak Minten tana suyar awarar da take sayarwa. Ta goge hannu, ta karɓi takardar, ta karanta daga sama har ƙasa, har da bayanta. Ina tsaye a bakin ƙofa, wai na zo aron gishiri.

"Pakne," ta ce da shi, don a wurinmu Pakne da Bune miji da mata ke kiran juna, "ba gasa ba ce. Cewa suka yi ka sauka daga kan abin nan yau ɗin nan. Akwai wani ƙarfe a cikin giyar da ba a ƙera daidai ba. In inji ya ɗau zafi giya tana sauya kanta, totur kuma yana maƙalewa. Asabar za su zo su ɗauke shi su gyara kyauta."

"Bune, ke awara kika iya. Wannan harshen manya ne. Kamfani ba zai fito fili ya ce yana alfahari da mutum ba, sai ya lulluɓe."

"Sau uku aka rubuta haɗari."

"Haɗari ga masunta!"

"An ce kada ka ɗauki kowa."

"Ai ba ɗauka zan yi ba, ja zan yi."

Na ga kunnensa ya yi ja, na san ya gane. Sai dai ya riga ya faɗa a gaban mutum goma sha ɗaya, kuma Bu Painem ita kaɗai a matsayin arba'in take. Ya linke takardar ya cusa cikin baƙar hularsa, ya ce mata a ƙara barkono a awara.

Talata da safe ya ce zai yi wa unguwa aikin alheri, ya tumɓuke kututturen kwakwar da ke gefen masallaci. Ya ɗaura igiya, ya hau, ya murɗa. Aradu ya yi ta gurnani yana tona ƙasa, kututture ko gezau. Bayan kamar minti goma sai muka ji ƙaras. Babur ya yi baya da gudu, ya tsallake kututturen da aka zo tumɓukewa, ya ratsa shingen gora, ya tsaya tsakiyar garken agwagin Mbah Sastro. Agwagi talatin suka watsu cikin unguwa, huɗu suka shiga masallaci.

Mbah Sastro ya fito da sanda. "Wakijan, me agwagina suka yi maka?"

"Gwajin ribas nake yi, Mbah."

"Ribar me? Ka sayar da su?"

"Ribas! Baya!"

"Bayan gida? Ai ga shi can, me ya kawo ka nan?"

Har azahar muna kamun agwagi. Shi kuwa yana zaune a kan Aradu yana nuna mana inda suka yi.

Laraba ya ga ya kamata ya gyara bakin Bu Painem, ya ce zai kai ta kasuwa kyauta. Ta ƙi sau biyu, a na uku rowar kuɗin mota ta ci ƙarfinta. Ta hau baya ta rungume kwandonta. Don a gan su, ya zaga unguwa sau uku yana hon, inji ya yi zafi. Suna hawa gadar ƙaramin rafi, ƙaras. Ina zaune ina faci sai na ga bayan Bu Painem ya wuce ni, sannan kwando, sannan fuskar Mas Wakijan yana murmushin dole yana ɗaga wa mutane hannu. Suka wuce masallaci da baya, suka wuce makaranta da baya, ita tana salati tana dukansa da kwando. Tarin yashin ginin da ke gaban shagonta ne ya tare su.

Ta sauko tana kakkaɓe yashi. "Na sha zuwa kasuwa in dawo ban sayi komai ba," in ji ta, "amma yau ne na fara dawowa kafin in je."

"Kin ga sauri ko?" in ji shi. "Wace mota ce za ta ajiye ki a ƙofar shago?"

"A ƙofar shago ka ɗauke ni, ɗan nema!"

Alhamis ya zo rumfata, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya rage murya.

"Parjo, kai ɗan uwa ne, kuma kana taɓa ƙarfe. Me ka gani?"

"Na ga ka ajiye shi, Mas. Ka ce wa mutane kamfani ya roƙe ka ka tausaya wa masunta. Ƙarya ce daidai girmanka, kowa zai karɓa."

Ya gyaɗa kai, har na fara murna. Sai ya daka tsalle ya buga cinya.

"Na gano! Shi dai baya yake so ko? To a ba shi baya. In ɗaure igiya a gaba, in fuskanci masunta ido da ido, in sa ribas tun farko. Abin da kamfani yake kira matsala, ni a wurina makami ne."

"Mas, takardar ta ce giya tana sauya kanta. Ba ta ce ina take sauyawa ba."

"Kai iskar da kake hura wa taya ta shige maka kai. Zafi ne matsalar ko? In sayo ƙanƙara in ɗaure wa injin. Injiniyoyinsu duk da karatunsu ba su yi wannan tunanin ba."

"Gaskiya ba su yi ba."

Juma'a Mbak Minten ta ɓoye makulli cikin tulun shinkafa, ta buga wa kamfani waya ta roƙe su su zo da sassafe. Ashe akwai wani makullin a ɗinke cikin hularsa. Da yamma ya je har bakin teku ya sayo ƙanƙara a wurin Lek Sarpin, shugaban masunta, wato mutumin da zai ja gobe. Lek Sarpin ya ba shi buhu biyu, ya ƙara masa na uku kyauta, ya ce in yana so har gida za a kai masa.

Asabar filin ƙwallo ya cika maƙil. An kafa tutoci ja da fari ko'ina. Ga doguwar sandar da aka shafe da baƙin mai, an rataye bokitai da tukwane da fanka a samanta, samari suna ta hawa suna zamowa tun safe. Ga teburin alƙalai, a kansa tulin shinkafa mai rawaya da mata suka gina kamar dutse, an kewaye shi da ƙwai da kaji, ba a taɓawa sai an yi addu'a bayan zaɓe. Daga can ƙarshen fili kuwa tafkin tarwaɗar unguwa ne.

Wajen ƙarfe tara motar ɗaukar kaya ta tsaya. Wani dattijo siriri mai farar riga ya sauko da jakar takardu, ya ce shi Pak Hartoyo ne daga kamfani, yana neman Pak Wakijan. Mbak Minten ta taho da sauri daga rumfar suya, amma mijinta ya riga ta. Ya rungume baƙo, ya rataya masa furanni, ya karɓe lasifika daga hannun mai sanarwa.

"Jama'a, ga wakilin kamfani! Masu cewa ƙarya nake yi, ku fito ku gaisa!"

Pak Hartoyo mutumin birnin sarauta ne, irin waɗanda ko gidansu ke ci da wuta sai sun nemi izini kafin su faɗa. Ya haɗa hannu ya ɗan rusuna.

"Na gode, Pak. Sai dai..."

"Ja kuka zo yi ko ba ja ba?"

"E, Pak, ja ne. Sai dai..."

"Kun ji da kunnenku! A ba shi kujera!"

Aka zaunar da shi kusa da Mbah Sastro, aka dire masa shayi. Baƙo ba ya sha sai an ce bismillah, ba ya kuma kawo maganar da ta kawo shi sai ya sha. Mbah Sastro kuwa ya manta da bismillar, ya shiga ba shi labarin agwagi. Pak Hartoyo ya zauna yana kallon shayi, yana kallon Aradu, yana haɗa gumi. Mbak Minten ta sunkuyo ta bayansa.

"Pak, don Allah ka tashi ka hana shi."

"E, Bu. Bari Mbah ya kai aya."

"Shekara goma sha biyar muna jira ya kai aya!"

A tsakiyar fili an ja layi da farar ƙasa. Masunta ashirin suka jeru, kowa damtse kamar turmi, Lek Sarpin a gaba yana tofa yawu a tafin hannu. A ɗaya gefen Aradu ne, an ɗaure masa buhunan ƙanƙara da tsohon zanin Mbak Minten, ruwa yana ɗiga. Mas Wakijan ya ɗora hular kwano a kan baƙar hularsa, ya ɗaure igiya a gaban babur, ya hau.

"Sarpin, ka yi sallama da iyalinka?"

"Na ce a ajiye mini abinci, minti biyu zan yi. Wakijan, babur ɗin ne ba shi da lafiya ka ɗaure masa ƙanƙara?"

"Fushi yake yi, ina lallashinsa don kada ya kashe ku."

"To me ya sa kake kallonmu? Mai ja ai baya yake ba mutane."

"Ina so in ga fuskarka lokacin da za ka tsallako."

Pak Marjuki ne alƙali, don ba a samu wani mai gaskiya ba. Ya ɗaga tuta, ya dubi Mas Wakijan da tausayi, ya busa usur.

Abin mamaki, da farko dabarar ta ci. Aradu ya yi ƙara ya ja da baya, igiya ta miƙe, masunta suka zamo taku ɗaya, suka zamo na biyu. Unguwarmu ta kaure da ihu. Ni kaina na tsinci kaina ina tsalle ina cewa, "Ja, Mas! Ja!" Bu Painem ta hau kan benci tana kaɗa murfin tukunya. Na dubi fuskar Mas Wakijan, na ga farin cikin da ban taɓa gani ba, ƙafar Lek Sarpin saura kamu ɗaya ta taɓa layi.

Sai ƙanƙara ta yi aikinta. Ta narke ta jiƙa ƙasa, tayoyi huɗu suka fara juyawa a wuri ɗaya suna feshin taɓo. Mata masu ihu a gefensa duk suka koma launi ɗaya. Ya ƙara murɗa totur, hayaƙi ya tashi, buhunan suka fara tururi. Pak Hartoyo ya miƙe tsaye, ya manta da tarbiyyar gidansu, ya ƙwala ihu: "Pak, a yi haƙuri, a kashe!"

Ƙaras.

Aradu ya bar ribas ya shiga gaba, a daidai lokacin da mutum ashirin suke jan sa gaba da iya ƙarfinsu. Igiya ta saki, masunta suka zube a kan juna. Lek Sarpin ya ɗaga kai ya ga jan ƙarfe ya nufo shi, ya mirgina gefe, sauran kowa ya yi ta kansa. Mas Wakijan ya tsallaka layi da kansa, a guje, ya matsa birki, birki ya ce bai san zancen ba.

"Ku kauce! Ku kauce!" Yana ihu, amma ko a lokacin sai da ya ƙara da, "Kun ga gudu?"

Igiya tana biye da shi tana lilo. Ta naɗe gindin sandar baƙin mai, sanda ta karkata, samari uku da suka kusa kaiwa sama suka sulmiyo a hankali suna rungume da ita, bokitai da tukwane suka yi ruwa a kan jama'a. Wata tsohuwa ta cafe fanka ta nufi gida ba ta waiwaya ba. Aradu ya goge ƙafar teburin alƙalai, tulin shinkafa ya tashi sama ya sauka a cinyar Pak Hartoyo, wanda ya ce, "Na gode." Daga nan babu abin da ya rage tsakanin Mas Wakijan da tafkin tarwaɗa sai wani ɗan shingen gora, shi kuwa gora Aradu ya riga ya saba da ita.

Tsulum. Inji ya yi tari biyu ya mutu.

Mbak Minten ta yar da matsamin suya ta ruga, ni ina bayanta. Sai ga hular kwano ta ɓullo, ga Mas Wakijan ya miƙe, ruwa iya ƙugu, taɓo har gira, tarwaɗa tana mutsu-mutsu a cikin rigarsa. Ya tofar da ruwa ya dubi jama'a.

"Alƙali," in ji shi, "masunta ne suka fara sakin igiya."

Dariyar da aka yi, har masu jirgi a teku sun ce sun ji. Lek Sarpin ya kwanta a ƙasa yana dukan ciyawa. Pak Marjuki ya share hawaye ya ce doka dai ita ce wanda ya tsallaka layi ya faɗi, kuma bai taɓa ganin wanda ya tsallaka da nisa haka ba. Shekara goma ke nan.

Masuntan nan dai su suka kama igiya suka jawo Aradu daga tafki, suka ɗora shi a mota. Pak Hartoyo ya kakkaɓe shinkafa daga wandonsa, ya roƙi lasifika, ya nemi gafarar kowa da kowa har da agwagin Mbah, sannan ya karanta takardar kamfani tun daga farko har ƙarshe. Da ya zo wurin "a daina hawa nan take", mutane suka juya suka dubi Mas Wakijan. Yana zaune a kan bokiti yana ɗiga, ya sunkuyar da kai. Daga ƙarshe Pak Hartoyo ya ce ba zai iya tafiya da babur ba sai mai unguwa ya buga hatimi a takardar karɓa.

Mbah Sastro ya ce shi ya ajiye tun safe, a yi zaɓe yanzu kowa ya huta.

"Masu son Wakijan, hannu sama."

Hannu ɗaya ya tashi, mai taɓo. Ya waiga ya dube ni. Na shiga gyara igiyar takalmina, alhali silifa ne a ƙafata. Na ji nauyin abin a zuciyata, ba zan ɓoye ba, amma hannuna ya ƙi tashi.

"Masu son Marjuki."

Kafin a ɗaga, Pak Marjuki ya riga kowa magana. "Mbah, ina da tambaya. Aikin Pak Erte ba karanta takardun gwamnati ba ne ya gaya wa mutane abin da ke ciki? To a unguwar nan wa ya karanta takardar nan har ƙarshe?"

"Minten!" in ji Bu Painem daga kan benci. "Ita ta karanta, ita ta buga waya, kuma shekara ashirin da biyu tana mulkin Wakijan. Wadda ta iya wannan, unguwa wasa ce a wurinta!"

"Ni awarata tana ƙonewa," in ji Mbak Minten.

Ba wanda ya saurare ta. Hannuwa suka tashi kamar an shuka su, har da na masunta da ba su da ƙuri'a, har da na Pak Hartoyo, wanda ya ga rashin ladabi ne ya bar nasa a ƙasa. Mbah Sastro ya ciro hatimi daga aljihu ya damƙa mata, ya ce, "Bu Erte, Allah ya taya riƙo."

Na dubi Mas Wakijan. Karon farko ke nan a rayuwata da na ga bakinsa a rufe alhali ba abinci a ciki. Ya zura wa hatimin mahaifinsa ido a hannun matarsa, ya miƙe a hankali zai sulale gida. Sai Pak Hartoyo, da yake mutum ne mai bin ƙa'ida, ya tare shi ya rusuna. Matar mai unguwa ai Bu Erte ake ce mata ko ba a zaɓe ta ba, don haka shi bai ga abin da zai kira mijin mai unguwa ba sai sunan da ya dace.

"Pak Erte, a yi haƙuri, saura sa hannun mai babur."

Mas Wakijan ya tsaya cak. "Me ka ce?"

"Pak Erte."

Ya gyara hular kwano. Ƙirjinsa ya fara tasowa a hankali, taɓo yana tsagewa. Ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Na gaya muku ko ban gaya muku ba? Na ce Asabar ɗin nan ba za a yi la'asar ba sai an kira ni Pak Erte! Parjo, kai shaida ne!"

"Na shaida, Mas."

"Dabara ce tun farko. In na tsaya da kaina a yi mini hassada, shi ya sa na bi ta baya."

"Ka saba bi ta baya," in ji Bu Painem.

Mbak Minten ta buga hatimi a takardar Pak Hartoyo, ta zura shi cikin lalitarta ta ɗaure. Sannan ta ɗauko babban faranti ta jera kofuna ta miƙa wa mijinta.

"Pak Erte, tunda ka karɓi sunan, karɓi aikin. Abin da matar Mbah take yi shekara goma sha biyar, yanzu naka ne. Shayin baƙi in ana taro, wanke kofuna in an watse, da jagorancin taron mata duk Alhamis."

"Taron mata?"

"Wannan makon darasin ɗinkin labule ne. Fara da masunta, sun sha aiki."

Ya dubi faranti, ya dubi motar da ke fita da Aradu, ya dubi Lek Sarpin da ya riga ya miƙo hannu yana washe baki. Ya karɓa, ya ɗaga farantin sama da kafaɗa, ya nufi masunta yana ɗigar da ruwan tafki.

"Ku matsa ku ga yadda ake raba shayi," in ji shi. "A duk gundumar nan babu wanda ya kai ni."